Ƙaunar da Ake Biya da Rai: Raddi ga Masu Kiran Gafara Tsoro

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakunan masu ilimi a jihar Damagaram, a majalisun malaman lakwal na Matamaye da Kance, har da tarukan ƙungiyoyin raya al'adu, duk sa'ad da aka tuno abin da ya faru a watan Janairun 2015. Maganar ita ce wai Kiristocin ƙasar nan da aka ƙone wa majami'u suka ce sun yafe, sun yafe ne domin ba su da yadda za su yi: ƴan tsiraru ne, in sun ɗaga murya a murƙushe su, shi ya sa suka lulluɓe tsoronsu da mayafin da suke kira ƙauna. Mai faɗin haka yakan rufe bakinsa da karin magana, ya ce dole uwar na ƙi. Wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada idan ya fito daga bakin malami, domin abin da malami ya faɗa a inuwar bedi yau, shi yara za su ɗauka gaskiya gobe. Ba sai mutum ya zama Kirista ba kafin ya gane hakan. Abin da ake bukata shi ne a san me Kirista yake nufi in ya ce ƙauna, sa'an nan a auna maganarsa da ma'auninta.

Abin da ya faru

Ranar 7 ga Janairun 2015 aka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo a Paris. Ranar 11 ga wata shugaba Mahamadu Isufu ya shiga jerin gwanon da aka yi a can, ranar 14 kuma jaridar ta sake fitowa da zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ɓacin ran Musulmi a kan wannan zane halal ne, ba wanda yake musunsa. Amma ranar Juma'a 16 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, fushin ya sauka a kan waɗanda ba su zana komai ba. A birnin Damagaram an cinna wuta a majami'u, da gidan mishan na Katolika da makarantarsa, da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wadda ɗalibanmu suke zuwa karatu a ɗakin littattafanta. Kashegari wutar ta kai Yamai, inda ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone. Hukuma ta ce mutum 10 suka mutu a cikin kwana biyun, aka yi zaman makoki na kwana uku. Ɗaruruwan Kiristocin Damagaram a barikin soja suka kwana, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a ɗakunansu.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Wannan shi ne dukan jarin masu cewa tsoro ne. Gaskiya ne ba su da ƙarfin ramuwa. To amma rashin ƙarfin ramuwa shiru yake haifarwa, da ƙaura, da ƙullaci da ake shayar da ƴaƴa da shi tun suna goye. Wanda tsoro ya kama yana iya yin shiru shekara arba'in yana jiran ranarsa, kuma Bahaushe ya san wannan hali sarai, tun da shi ya ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Shugabannin ikilisiyoyin Katolika da na Furotesta wata hanya suka bi. Sun fito fili suka yi kira ga mabiyansu da su yafe, su yi wa waɗanda suka ƙone su addu'a, asibitoci da makarantun mishan kuma suka ci gaba da karɓar duk wanda ya zo, alhali mafi yawan masu zuwa Musulmi ne. Tsoro yana iya rufe baki, amma ba a taɓa jin ya sa mutum ya wanke gyambon ɗan wanda ya tsorata shi ba.

So, soyayya, ƙauna

Tushen rashin fahimtar yana cikin harshe, shi ya sa batun ya shafi malaman Hausa kai tsaye. Muna da so, muna da soyayya, muna da bege, muna da ƙauna, amma a bakin matasanmu duk sun narke sun zama abu guda. Tun tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suke ƙetaro iyaka ta Ɗan Barto suna shiga jakunkunan ƴan kwaleji, finafinai suka biyo baya, yanzu ga wayar salula da ranar masoya ta 14 ga Fabrairu. Ba laifi ba ne saurayi ya so budurwa, kuma waɗannan littattafai sun koya wa mata da yawa karatun boko. Illar ita ce kalmar ta zama ta bugun zuciya kawai, abin da yake zuwa da kansa ya tafi da kansa. Yaron da wannan ce kaɗai ma'anar da ya sani, in aka ce masa wani yana ƙaunar wanda ya ƙone masa gida, dole ya ce ko ƙarya ce ko hauka, domin ba wanda zuciyarsa take bugawa don ganin mai ashana.

Hikimar kakanninmu ma, da take da zurfi fiye da ta finafinai, tana da iyaka a nan. Ita ce ta ce so duka so ne amma son kai ya fi. Ita ce ta ce son maso wani ƙoshin wahala. Ko da ta yabi alheri, sai ta ce danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato mai yin sa yana da abin da zai dawo masa. Dubi yadda matanmu suke riƙe lissafin biki: wadda ta kawo miki jika biyu ranar sunan ɗanki, ke ma ranar nata sai kin mayar, har ki ɗora. Wannan tsari ne mai kyau, shi yake riƙe da zumunci, shi ya fitar da gidaje da yawa daga yunwar 2005. Amma tsari ne na ba ni in ba ka, kuma wanda ba shi da abin mayarwa yakan tsinci kansa a wajen da'irar.

Sabon Alkawari da Girkanci aka rubuta shi. Girkawa suna da kalmar eros ta sha'awa da bege, suna da filiya ta abota, amma marubutan Linjila wata kalma suka fi riƙewa, agape. Da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da kuma sabuwar fassarar da ta biyo baya, ƙauna ce aka ɗora wa wannan nauyi. Abin da kalmar take ɗauke da shi a can hukunci ne da mutum yake yanke wa kansa, cewa zai nemi alherin wani ko da abin zai ci masa dukiya, ko daraja, ko rai, kuma ko da wanin bai cancanta ba. Shi ya sa Linjila take iya ba da umurni a yi ta, alhali ba a umurtar zuciya ta buga. A Linjilar Luka sura ta 14, Yesu ya ce wa mai gidan da ya gayyace shi, in zai yi walima ya kira matalauta da guragu da makafi, saboda su ne ba za su iya rama gayyatar ba. Wannan ya kife lissafin biki gaba ɗaya. A sura ta 10 ya ba da misalin mutumin da ƴan fashi suka yi wa jina-jina, manyan addininsa suka ratse shi, wanda ya tsaya ya ɗauke shi ya biya kuɗin jinyarsa kuwa Basamariye ne, ɗan ƙabilar da Yahudawa suke ƙyama. A Linjilar Matta sura ta 5 umurnin ya kai ƙarshensa, aka ce a ƙaunaci maƙiyi.

Gicciye

A nan ne Musulmi da Kirista suka rabu, kuma ba amfanin a ɓoye. Alƙur'ani, a cikin Suratun Nisa'i, ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. Kirista kuwa dukan addininsa a kan gicciyen ya tsaya. Wannan rubutu bai zo raba gardamar ba, ƙarni goma sha huɗu ba su raba ta ba. Abin da ake nema ga malami shi ne ya san abin da maƙwabcinsa ya gaskata kafin ya fassara aikinsa. A wurin Kirista, Almasihu ya ba da ransa fansa domin mutane tun suna masu laifi, kamar yadda Bulus ya bayyana a wasiƙarsa ga Romawa, kuma yana bisa gicciyen ya roƙa wa masu kashe shi gafara, kamar yadda Luka ya ruwaito. Linjilar Yohanna sura ta 15 ta sa ba da rai domin wasu a matsayin ƙololuwar ƙauna. Mu da muke yanka rago kowace layya don tuna abin da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi, mun san ma'anar hadaya: abu mai daraja ne yake fita daga hannunka ba ya dawowa. Kirista yana cewa a wurinsa hadayar mutum ce, kuma an umurce shi ya bi sawu.

Saboda haka fasto ko fada da ya tsaya a kan tokar majami'arsa ya ce ya yafe, ba sabuwar dabara ya ƙirƙiro don ya tsira ba. Abin da yake karanta wa jama'arsa kowace Lahadi ne ranar biyansa ta zo. Da ya ce a rama, da shi ne ya saɓa wa littafinsa.

Inda hujjar tsoro ta karye

Hanyar gwada maganar masu cewa tsoro ne mai sauƙi ce: a duba wurin da Kirista yake da ƙarfi, ko wurin da tsoro zai ce masa ya gudu. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu da ciwo, Kent a Bida, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau. Mishan ɗin da ya tsiro daga kabarinsu, SIM, shi ya iso Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja kusa da Maraɗi a 1956. A tuna yadda al'adarmu ta ɗauki kuturu a wancan zamani: ba a cin abinci da shi, ba a ba shi hannu, bakin kasuwa ne mazauninsa. Waɗanda suka riƙa wanke masa miki da hannunsu, Turawa da ƴan ƙasa, ba wanda ya tsorata su suka yi.

A daren 17 ga Satumban 2018 ƴan bindiga suka sace Fada Pierluigi Maccalli a Bomoanga, kusa da iyakar Burkina Faso. Ya yi shekara biyu a hannunsu cikin hamada, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, sai a watan Oktoban 2020 aka sake shi a Mali. Yana can ƙasarsu Italiya, inda ba mai iya taɓa shi, ya bayyana cewa ya yafe musu. Wa yake tsoro a Italiya?

Misalin da ya fi kowanne yanke gardama yana Afirka ta Tsakiya. A 2014, lokacin da mayaƙan anti-balaka suke farautar Musulmi gida gida, Kiristoci ne masu rinjaye, makamai a hannun masu kiran kansu Kiristoci suke. A garin Bossemptélé wani fada ɗan Togo mai kula da asibitin mishan, Bernard Kinvi, ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi, yawancinsu Fulani, ya binne gawawwakin waɗanda aka kashe, ya riƙa fitar da masu rai a manyan motoci zuwa Kamaru, ana yi masa barazanar kisa. A nan tsoro cewa yake yi ka rufe ƙofarka. A Kaduna kuma Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 yana jagorantar matasa masu faɗa, yana da mutane da hanyar ramuwa, amma ya ajiye, suka kafa cibiyar sulhu tare da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa malaminsa da ƴan uwansa a rikicin.

Waɗannan misalai ba su wanke Kiristoci daga laifi ba. Masu gatari na anti-balaka da sunan Kiristanci suka yi ta'asarsu, cinikin bayi na Tekun Atlantika da mulkin mallaka sun samu masu sa musu albarka a majami'u. Sai dai duk wanda ya yi haka, littafinsa ne farkon mai ba da shaida a kansa.

Zargin tarko

Akwai zargi na biyu da ya fi na farko nauyi, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya: wai wannan ƙauna tarko ce, magani da makaranta tsaba ce ake watsa wa kaza. Ba za a ce hakan bai taɓa faruwa ba. Ƴan mishan na farko sun zo da nufin wa'azi, ba su ɓoye ba, kuma sun zo da raini irin na zamaninsu. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 a kan Kiristocin ƙasar Maraɗi, ta nuna yadda Kiristoci Hausawa da kansu suka yi ta fama da ƴan mishan a kan ilimi mai zurfi da shugabancin ikilisiyarsu. Duk inda aka ɗaura buhun hatsi da sharaɗin tuba, an ci amana. To amma wannan hukunci daga cikin koyarwar kanta yake fitowa. Paparoma Benedict na 16, a wasiƙarsa ta farko ga ikilisiya wadda aka fitar a Janairun 2006, ya bayyana cewa ba a mai da aikin jinƙai hanyar jan mutane zuwa addini, domin ƙauna kyauta ce. Kuma lissafi ma yana magana: shekara fiye da 70 Galmi tana jinyar mutanen Adar da Gobir da Sakkwato, mutanen yankin suna nan Musulmi kamar yadda suke. Mai tarkon da ya shekara saba'in yana zuba tsaba bai kama ba, kuma bai fasa zubawa ba, sai a nemo masa wani suna.

Masu sayar da ita daga ciki

Raddin nan yana da kaifi biyu, domin masu ɓata kalmar suna nan a cikin ikilisiya. Na farko su ne masu wa'azin wadata, wanda ya taso daga Amurka ya bi ta kudancin Nijeriya ya iso mana ta rediyo da talabijin: ka ba da jika ɗaya Allah ya mayar maka da ɗari. Wannan adashi ne aka sa masa rigar ibada. Ya mai da hadaya jari, ya mai da talaka mai laifi, tun da a lissafinsu talaucinsa shaidar ƙarancin bangaskiyarsa ce. Bulus, a sura ta 13 ta wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, ya riga ya yanke cewa mutum yana iya rabar da dukan mallakarsa ya tashi a banza in ƙauna ba ta cikin aikin.

Na biyu su ne masu ɗora wa raunana hadayar da su ba za su ɗauka ba. Matar da mijinta yake duka ta kai kuka, a ce mata ta ɗauki gicciyenta, kamar yadda a gidajen Musulmi ake rufe bakinta da kalmar haƙuri. A Linjilar Yohanna sura ta 10, Yesu ya nuna cewa da kansa yake ba da ransa, ba ƙwace masa aka yi ba. Hadaya ta mai bayarwa ce, da yardarsa. Wadda mai ƙarfi ya tilasta wa marar ƙarfi zalunci ne, ko da wace aya aka yi masa ado. Haka nan gafarar wanda aka zalunta ba ta sauke wa hukuma nauyinta. Wanda aka ƙone wa gida yana da ikon cire ƙullaci daga zuciyarsa, alƙali kuwa ba shi da ikon rufe takarda saboda haka. Ƙasar da ta jingina da gafarar ƴan tsirarunta ta bar masu ashana suna yawo, tana gayyatar wata wutar, kuma an ga ta sake tashi a wata majami'a a Maraɗi a watan Yunin 2019.

Akwai kuma wata hadayar ƙarya da ya wajaba a raba wa yara ita da ta gaskiya. Makonni uku bayan wutar Damagaram, ranar 6 ga Fabrairun 2015, Boko Haram ta faɗa wa Boso da Difa, daga baya aka riƙa ɗaura wa yara bam ana ce musu sadaukarwa ce. Ma'aunin a bayyane yake: mai ƙauna ransa yake sawa a gaba domin wani ya rayu, wancan kuwa rayukan mutane yake kwashewa ya haɗa da nasa.

Aikin da ke gabanmu

Musulmin da ya san addininsa ba baƙo ba ne a wannan fage. Suratul Hashri ta yabi mutanen Madina da fifita baƙinsu a kan kansu alhali suna cikin bukata, kuma Musulmin farko da suka gudu daga Makka a wurin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, suka sami mafaka. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na jihar Filato, Imam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da 80, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ce wa maharan sai dai su fara da shi. Ba wanda ya ce tsoro ne ya sa shi. Adalci ya hana mu kira aikinsa jarumtaka, sa'an nan mu kira na Fada Kinvi dabara.

Don haka, ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyi, ga abin da ke hannunmu. A darasin Hausa a raba wa yara so da soyayya da ƙauna, a sa su kawo karin magana a kan kowanne, su gano da kansu inda hikimar biki ta tsaya. A darasin tarihi a faɗi abin da ya faru ranar 16 ga Janairun 2015 da sunansa, tare da labarin maƙwabtan da suka buɗe ƙofofinsu. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Matamaye da Kance da Magarya, da suka iya nuna auren dole da rikicin manoma da makiyaya a dandali, za su iya nuna wannan ma. Manomin rake na fadamun Korama ya san cewa sandar da ya fi so ita yake yankawa gaɓa gaɓa ya binne a ƙasa, wadda ya tsotse kuwa ba ta ba shi gonar baɗi. Yaran da muke koyarwa ƴaƴan waɗannan manoma ne, ba za su kasa gane maganar ba in an faɗa musu ita daidai.